Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan NBA Da Kwamitin Dokokin Wasa: A Hana Rungumar Wanda Ba Ya Riƙe Da Ƙwallo

Zuwa ga Mai Girma Adam Silver, Kwamishinan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da membobin kwamitin da ke duba dokokin wasa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Bayan haka, dalilin wannan takarda shi ne wata ɗabi'a da ke dawowa kusan kowace shekara da zarar an shiga zagayen fitar da gwani a watan Afrilu. Koci zai ɗaga hannu daga gefen fili, ɗan wasansa ya rabu da ƙwallo, ya ruga can wani lungu inda ba a komai, ya rungume dogon abokin hamayyar da bai iya jifan kyauta ba. Alƙali ya busa usur, wasa ya tsaya, mutum goma su tako a hankali zuwa ƙarƙashin kwando. A yi jifa biyu, a koma, a sake. Roƙona ɗaya ne: hukuncin da kuka ɗora wa wannan ƙeta a minti biyun ƙarshe na kowane zango, ku shimfiɗa shi ya game minti 48 na wasa baki ɗaya.

Tunda wasiƙar a buɗe take, bari in yi wa mai karatu bayanin lissafin da ke bayan abin, ko da yake ku kun fi ni saninsa. Idan ƙungiya ta tara laifi huɗu a zango guda, duk laifin da ta ƙara yi ana ba wanda aka yi wa jifan kyauta biyu, kowane jifa maki ɗaya. A 'yan shekarun nan matsakaiciyar ƙungiya a NBA tana cin fiye da maki 110 a hari 100, wato kowane hari ya ɗara maki ɗaya. To ga mutum a cikin fili wanda a jifa 100 bai fi ya zura 45 ba. In ka tura shi layin jifan kyauta, abin da za ka yi tsammani bai kai maki ɗaya ba. Ka rage musu riba, ka tsayar da agogo, ka katse musu hanzari, gwaninsu kuma yana tsaye riƙe da ƙugu bai taɓa ƙwallo ba. Wanda duk ya iya ƙidaya zai ga ribar.

Tun zamanin Wilt Chamberlain ake wannan fama, domin a tsawon rayuwarsa ta wasa kashi 51 cikin 100 kawai yake zurawa daga layi, kuma an sha bin sa da gudu a ƙarshen wasa don a taɓa shi. Amma wanda ya mayar da abin tsararriyar dabara shi ne Don Nelson. Ranar 29 ga Disamba, 1997, yana kocin Dallas Mavericks, ya sako wani sabon yaro mai suna Bubba Wells da aiki guda: ya riƙa yi wa Dennis Rodman na Chicago Bulls ƙeta. Cikin minti uku yaron ya cika laifi shida, aka fitar da shi daga wasa, kuma har yau ba a sami wanda ya fita da sauri haka ba. Rodman ya zura 9 cikin 12, Chicago ta yi nasara. Wells kaka ɗaya ya yi a NBA, kuma abin da aka fi tuna shi da shi ke nan. Daga baya dabarar ta ɗauki sunan Shaquille O'Neal na Los Angeles Lakers, ake ce mata Hack-a-Shaq. A shekarar 2000, a wasan farko na ƙarshen yankin Yamma, Portland ta Mike Dunleavy ta tura shi layi sau 25 a zango na huɗu kaɗai. Bayan 'yan makonni, a wasa na biyu na ƙarshen gasa, Indiana ta sa ya yi jifa 39, ya zura 18. Lakers ce ta ci duka wasannin biyu.

Ranka ya daɗe, ban zo in zargi masu horarwa ba. A zagayen fitar da gwani ana iya karawa da ƙungiya guda har sau bakwai cikin mako biyu, kowa ya karance kowa, babu raunin da ke ɓoyuwa, kuma kocin da ya faɗi yakan rasa aikinsa kafin a shiga sabuwar kaka. Mutum a wannan hali ba zai ga ƙofa a buɗe ya ƙi shiga don kunya ba. Gregg Popovich, wanda ya ɗauki kofi biyar da San Antonio Spurs, ya sha faɗa a fili cewa abin ba shi da kyan gani kuma ba ya son sa, amma muddin doka ta bari zai yi. Da shi ya taimaka wa kansa wajen fitar da Phoenix Suns a zagayen farko na 2008, har O'Neal, wanda ya koma Phoenix a lokacin, ya kira abin aikin matsorata. Da aka buɗe kaka ta gaba, daƙiƙa biyar da fara wasa Michael Finley na Spurs ya je ya rungume O'Neal, Popovich na zaune a benci yana dariya, ya ɗaga masa manyan yatsu biyu, shi ma O'Neal ya yi murmushi. Mutanen biyu sun san babu ƙiyayya a tsakaninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan naku ne.

Kun taɓa yarda da haka da kanku. Kun tuna ranar 10 ga Mayu, 2015, lokacin da Houston Rockets ta Kevin McHale ta sa DeAndre Jordan na Clippers ya yi jifa 28 kafin a tafi hutun rabin lokaci, 34 a wasan gaba ɗaya. Houston ta sha kashi da tazarar maki 33, amma kafin nan an riga an kashe wa kowa daren. Kun kuma tuna ranar 20 ga Janairu, 2016. Ana dawowa daga hutu, K.J. McDaniels na Houston ya yi wa Andre Drummond na Detroit ƙeta sau biyar cikin daƙiƙa tara, don kawai ƙungiyarsa ta yi saurin cika laifuffukan da za su kai Drummond layi. A sako ƙwallo, ya rungume shi, usur. A sake sakowa, ya sake rungumewa, usur. Drummond ya yi jifa 36 a daren, ya ɓarar da 23, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Detroit ce ta ci. A watan Yuli na 2016 kuka yi gyara: hukuncin da a da yake aiki a minti biyun ƙarshe na zango na huɗu da na ƙarin lokaci kawai, wato jifa ɗaya da ƙungiyar za ta zaɓi mai yi sannan ƙwallo ta ci gaba da zama a hannunta, kuka faɗaɗa shi zuwa minti biyun ƙarshe na kowane zango. Kuka haramta yin ƙeta kafin a sako ƙwallo a kowane lokaci, kuka kuma tsananta wa masu ɗarewa bayan mutum yayin jifan kyauta.

Gyaran ya rage abin, wannan gaskiya ne. Sai dai ya bar mu da dokar da ba ta da amsa idan yaro ya yi tambaya. Rungumar da aka yi saura minti biyu da daƙiƙa ɗaya dabara ce, wadda aka yi bayan daƙiƙa biyu kuma laifi ne mai tsanani. Me ya canja a cikin aikin? Zango minti 12 ne. Kun ce abin bai dace ba a minti 2, kun bar shi a minti 10. Sakamakon haka masu horarwa biyu suka koma kallon agogo: wannan ya fara ƙeta da zarar laifuffukan ƙungiyarsa sun cika, wancan ya cire dogonsa ya zaunar, yana jiran agogo ya nuna saura minti biyu ya mayar da shi. Mun ga haka ƙarara a 2025, a karawar Boston Celtics da New York Knicks. Mitchell Robinson na Knicks ba mai yawan cin maki ba ne, amma in yana fili yana tsare bakin kwando, yana kuma cafe ƙwallon da 'yan ƙungiyarsa suka ɓarar ya mayar musu. Joe Mazzulla, kocin Boston, ya ga yaransa na shan wahala da shi, sai ya sa a riƙa rungume shi don Tom Thibodeau, kocin Knicks a lokacin, ya cire shi. A wasa na uku a Madison Square Garden Robinson ya yi jifa 12 ya zura 4, 'yan kallo dubbai na miƙewa suna yi masa tafi duk lokacin da ɗaya ta shiga. A zagayen farko na shekarar Steve Kerr, kocin Golden State Warriors, shi ma ya yi wa Steven Adams na Houston irin haka. A nan maki ba su ne abin nema ba. Ana so ne a fitar da mutumin da aka kasa da shi a wasa, ta hanyar da ba wasa ba.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa mutumin da ake biyan sa miliyoyin daloli ya je ya koyi jifa. Babu mai tsaronsa, babu mai taɓa shi, tazarar ƙafa 15 ce, yaran makaranta ma suna yi. Kai da kanka, ranka ya daɗe, ka taɓa cewa masu horar da yara sun roƙe ka kada ka canja doka, don kada yara su ɗauka koyon jifa ba dole ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai kuma shaidar cewa abin yana koyuwa. Drummond ya tashi daga ƙasa da kashi 40 zuwa kashi 60 a kakar 2017-18. DeAndre Jordan, wanda bai kai kashi 40 ba a 2014-15, ya haura kashi 70 a 2018-19. Rick Barry ya yi rayuwarsa yana jefawa daga ƙasa da hannu biyu, kusan 9 cikin 10 na shiga, kuma Chamberlain da irin wannan jifa ya zura 28 cikin 32 a daren da ya ci maki 100 a 1962, daga baya ya watsar da ita don yana jin kunyar yadda take. Chinanu Onuaku, ɗan asalin Nijeriya, bai ji wannan kunyar ba lokacin da ya shigo Houston a 2016. Jeremy Sochan ya koma jifa da hannu ɗaya a San Antonio, abin ya yi masa kyau. Babu kuma wanda zai manta da Giannis Antetokounmpo na Milwaukee a 2021: 'yan kallo sun yi makonni suna ƙirga masa daƙiƙoƙi da ƙarfi duk lokacin da ya tsaya a layi, sai ga shi ranar 20 ga Yuli ya zura 17 cikin 19, ya ci maki 50, Milwaukee ta ɗauki kofi.

Amma ku duba yadda Giannis ya sami jifa 19 ɗin nan. Ƙwallo na hannunsa, ya nufi kwando, aka tare shi. Abin da nake roƙo bai taɓa wannan ba ko kaɗan. Wanda bai iya jifa ba zai ci gaba da biyan kuɗin rauninsa: in ya karɓi ƙwallo a ƙarƙashin kwando a riƙe masa hannu, in ya cafe ƙwallo a ƙarshen wasa a taɓa shi, kocinsa kuma zai ci gaba da fargabar ba shi ƙwallo a lokacin da wasa ya yi zafi. Wannan matsi ya isa ya sa mai hankali ya kwana a ɗakin atisaye.

Cin amfanin raunin abokin karawa shi ne ainihin aikin koci, kuma mafi daɗin abin kallo a wannan zagaye. A gano wanda bai iya tsaro ba, a yi ta kitsa wasa har sai ya faɗo gaban gwani. A gano wanda bai iya jifa daga nesa ba, a ja baya a bar shi shi kaɗai, a cika bakin kwando da mutane. A danne gwani da mutum biyu a tilasta masa ya saki ƙwallo. Duk waɗannan sai an yi gudu, an yi tunani, mutum biyar sun haɗa kai, kuma ɗaya ɓangaren yana da damar mayar da martani da tasa dabarar. Rungumar wanda ba ya riƙe da ƙwallo ba ta buƙatar komai daga cikin wannan. Mai tsaro ne ke zaɓa wa masu kai hari wanda zai yi musu jifa, kuma ta hanyar karya doka yake zaɓar. An kafa hukunci ne don ya cutar da mai laifi. Duk inda mai laifi ya zama shi ke neman a hukunta shi, wanda aka yi wa laifin kuma yana gudun haƙƙin da aka ba shi, to hukuncin ya juya da baya.

Sauran wasanni sun daɗe da gane haka. A ƙwallon ƙafa, in aka yi wa ɗan wasa ƙeta amma ƙungiyarsa na kan hari, alƙali yakan miƙa hannu ya ce a ci gaba, don kada busa ta amfani mai ƙetar. A ƙwallon Amurka, wadda kuka fi mu sani, ƙungiyar da aka yi wa laifi tana da ikon cewa ba ta son hukuncin. Ko a ƙwallon kwandon ma, dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sun ɗauki taɓa mutum ba tare da niyyar neman ƙwallo ba a matsayin laifin rashin ɗa'a: jifa biyu, ƙwallo ta zauna a hannun waɗanda aka yi wa, in mutum ya maimaita a kore shi. A ƙarƙashin wannan doka DeAndre Jordan ya ci zinare da Amurka a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ba a ce an yi masa gata ba. Da ita kuma ake buga gasar BAL ta Afirka, wadda ku da FIBA kuka kafa, aka fara a Kigali a 2021, wadda kuma Rivers Hoopers da Kwara Falcons suka taɓa wakiltar Nijeriya a cikinta. Yaron da ke koyon wasa a Kano ko Yamai, abin da kocinsa ke hana shi da rana shi yake gani da dare a babbar gasar duniya ana yaba wa wanda ya yi shi.

Da dare na ce, domin wasan da aka fara ƙarfe takwas na yamma a New York, ƙarfe ɗaya na dare ne a nan, na gaɓar Yamma kuwa sai wajen ƙarfe uku, wani lokaci ana kiran sallar asuba ba a tashi ba. Mai kallo a nan barcinsa ya sayar, da kuɗin data ko na man janareto. Abin da ya hana shi barci gudu ne da miƙa ƙwallo da tsalle, kuma su ne kuke sayar wa gidajen talabijin a kwangilar shekara 11 da kuka ƙulla da Disney da NBC da Amazon.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, wato mutuncin ɗan wasan. A 2021 Ben Simmons na Philadelphia ya zura 25 cikin 73 a zagayen fitar da gwani. Washington ta fara yi masa, Atlanta ta ɗora. A wasa na biyar Philadelphia na gaba da maki 26, Simmons ya zura 4 cikin 14, Atlanta ta dawo ta cinye. A wasa na bakwai ya juya ya tsinci kansa a bakin kwando ba kowa a gabansa, mutum mai tsawon kusan ƙafa bakwai, maimakon ya danna ƙwallon sai ya miƙa wa Matisse Thybulle. Bai sake sa rigar Philadelphia ba. Matsalolinsa suna da yawa, da na jiki da na zuciya, ba zan jingina su duka a kan wannan dabara ba. Amma duk wanda ya kalli fuskarsa yana takawa zuwa layi karo bayan karo ya ga mutumin da ake tozartawa a gaban jama'a da izinin doka. Haka shi ma yaron da ake tasowa daga ƙarshen benci a ce masa je ka ƙona laifuffukanka shida ka dawo. Ya yi shekaru yana atisaye don ya kai wannan matsayi, aikin da aka ba shi kuwa ko wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba zai iya.

Ba kowace ƙeta ta ganganci nake so ku hana ba. Ƙungiyar da ke baya a daƙiƙoƙin ƙarshe dole ta taɓa mai riƙe da ƙwallo don ta tsayar da agogo, in ba haka ba wasa ya ƙare tun kafin ya ƙare. Akwai kuma masu yin ƙeta idan suna gaba da maki uku, don su hana a jefa mai maki uku a rama. Ba na jin daɗinta, domin tana ƙwace wa mai kallo jifan da ya zauna jira, kuma da Spurs sun yi ta a 2013 da ba mu ga jifan da Ray Allen na Miami ya rama da shi ba. Amma a kan mai ƙwallo ake yin ta, kuma tana cizon mai ita. A wasan farko da Denver a Mayun 2025, Oklahoma City ta Mark Daigneault ta yi gaggawar fara ta tun da sauran lokaci, Chet Holmgren ya ɓarar da jifa biyu, Aaron Gordon na Denver ya zura mai maki uku, aka tashi 121 da 119. Wannan caca ce da koci ke yi da idonsa a buɗe, ku bar musu ita tukuna.

Kun riga kun nuna cewa kuna iya irin wannan gyara. A 2022 kun ga yadda ake riƙe mai ƙwallo a tsakiyar fili don a kashe harin gaggawa, kuka sa hukuncin jifa ɗaya da ci gaba da riƙe ƙwallo, ɗabi'ar ta ragu nan take, kuma ba a ji wanda ya ce an lalata wasa ba. Ga shi kuwa wancan a kan mai ƙwallo ake yi.

In kuna tsoron alƙalai za su rikita ƙetar ganganci da turereniyar da aka saba yi a ƙarƙashin kwando ko wajen tare wa abokin wasa hanya, ai suna bambancewa yanzu haka a minti takwas na kowane wasa, kuma wanda ya ruga ya rungumi mutum yana kallon alƙali ba ya ɓoyuwa. In kuma kuna ganin jifa ɗaya da riƙe ƙwallo ya yi tsanani a tsakiyar zango, to ga mai sauƙi: ku ba kocin da aka yi wa ƙungiyarsa laifin zaɓi, ko ɗan wasansa ya je layi ya yi jifa biyu, ko su sako ƙwallo daga gefe su ci gaba da harinsu, laifin kuma a rubuta wa wanda ya yi. Kuna da ƙaramar gasarku ta G League, inda kuka fara gwada ba koci damar ƙalubalantar hukuncin alƙali da mayar da agogon hari zuwa daƙiƙa 14 kafin ku kawo su babbar gasa. Ku gwada wannan a can kaka ɗaya, ku ƙirga sau nawa aka yi ƙetar, ku auna tsawon wasannin, sannan ku kai sakamakon gaban masu ƙungiyoyi a taronsu na watan Yuli su kaɗa ƙuri'a.

Na gode da lokacinku. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai kallon ƙwallon kwando, daga Kano.